Daga Allo Zuwa Jami'a: Yadda Tsanin Karatu Yake a Rimin Gado

Duk wanda ya tashi daga garin Rimin Gado ya nufi birnin Kano ta hanyar Gwarzo, ba zai daɗe ba zai wuce barikin Janguza, jim kaɗan kuma ya hangi katangar sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Tsakanin garin da birnin kimanin kilomita 20 ne, jami'ar kuwa tana kan hanya tun kafin a shiga birnin. Cikin ƙananan hukumomin karkara na jihar Kano, kaɗan ne suka kai Rimin Gado kusanci da babbar jami'a. Sai dai tafiyar da mota ke yi cikin rabin sa'a, yaron Gulu ko Jili ko Sakaratsa yana yin ta ne cikin shekara 12 ko 13, idan har ya kai. Da yawa ba sa kaiwa, kuma wuraren da suke tsayawa sanannu ne, kusan su ne dai kowace shekara.

A kan takarda, tsarin ilimin Nijeriya tsani ne miƙaƙƙe: shekara 1 ta share fage, 6 na firamare, 3 na ƙaramar sakandare, 3 na babbar sakandare, sannan 4 ko fiye a jami'a. A zahiri kuwa kowace matakala da mai ita. Wanda ke biyan malamin firamare daban, wanda ke riƙe da babbar sakandare daban, masu shirya jarrabawa daban, mai ba da gurbin jami'a daban. Kowace hukuma tana iya ƙirga yaran da ke hannunta, amma babu wadda aka ɗora wa alhakin yaron da ya bar hannun wannan bai shiga hannun waccan ba. A waɗannan mahaɗai ne ake yin asarar yara, kuma sai an san yadda aka harhaɗa tsanin kafin a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Makarantar da ta riga kowace

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. A birni wannan mataki ya zama kasuwar makarantu masu zaman kansu. A karkara kuwa, inda aka same shi, yawanci aji ne guda a cikin makarantar firamare, wanda ƙanana ke bin yayyensu su zauna a ciki.

Makarantar farko ta haƙiƙa a ƙasar Rimin Gado ita ce ta allo, kuma ta girmi boko a Kano da ɗaruruwan shekaru. Masu tsara manufofi sukan kira ta karatun da ba shi da tsari, alhali tana da matakai da kowane malami ya san su. Yaro yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya iya haɗa baƙi, sannan ya bi izu-izu har ya cika 60 ya yi sauka, a yi masa zayyana. A tsangaya akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, har zuwa alaramma da gwani. Wanda ya nufi ilimi bayan sauka sai ya zauna a zaure ya ɗauko Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya kai Risala, mai himma ya kai Muhtasar. Hutunta Alhamis da Juma'a, lokutanta asuba da yamma da dare, kuɗinta ɗan abin da iyaye ke bayarwa ranar Laraba da taimakon da ɗalibai ke yi wa malam a gona. An gina ta daidai da rayuwar manomi, shi ya sa ba ta taɓa neman wanda zai yi mata yekuwa ba.

Tsakanin allo da boko akwai Islamiyya, mai aji da rajista da jarrabawa, wadda iyaye mata da 'ya'ya mata suka fi kowa riƙewa. Saboda haka yaro ɗan shekara 8 a wannan yanki yana iya zama ɗalibin makarantu uku a rana guda: allo da asuba, boko da hantsi, Islamiyya da la'asar. Gwamnati ta yi ƙoƙarin haɗa hanyoyin. Jihar Kano tana da hukumar kula da makarantun Alƙur'ani da Islamiyya, gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani, ta buɗe ta farko a Gagi ta jihar Sakkwato a 2012, kuma a 2023 aka kafa hukumar ƙasa ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk da haka, yaron da ya yi sauka yana da shekara 13 ba tare da ya taka firamare ba, har yau hanyar da zai bi ya hau tsanin boko daga tsakiya ƙunci gare ta. Ya iya karatu da rubutu da haruffan Larabci, ya saba da haddace dogon nassi, amma a ƙididdigar hukuma yana cikin waɗanda ba su yi makaranta ba.

Firamare: mai gida uku

Boko ya shigo Kano a 1909, lokacin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa. Shekaru da dama bayan haka, makarantun En'e kaɗan ne, kuma sun fi yawa a garuruwan hakimai. Abin da ya kai aji da allon bango kusan kowane ƙauye shi ne shirin UPE na ilimin firamare ga kowa, wanda gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a Satumbar 1976. Yaran da suka zo sun zarce waɗanda aka yi hasashe, aka ɗauki malamai cikin gaggawa bayan gajeren horo, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar domin ta cike giɓin. Hausawa sun ce dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, sai aka wayi gari da makarantu birjik, ba albashi kan kari, ba kayan aiki. Shi dai Obasanjon ne ya dawo a farar hula ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, wadda ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole.

Makarantar firamare ta gwamnati a Rimin Gado tana ƙarƙashin hannu uku. A Abuja akwai hukumar UBEC, wadda doka ta ware mata kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ba ta da makaranta ko ɗaya a ƙauye. Tana ba jihohi tallafin gine-gine da kayan aiki, bisa sharaɗin jiha ta fara ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta, jihar da ba ta ajiye ba kuwa kuɗinta ya zauna a Abuja. A Kano akwai hukumar SUBEB, mai tsara ayyuka da ba da kwangila da riƙe al'amuran malamai. A Rimin Gado kuma akwai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ƙarƙashin sakataren ilimi, wanda shi ne ke ganin makarantu ido da ido. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya shafi wannan albashi fiye da kowane abu, domin shi ne mafi nauyin kayan da ƙaramar hukuma irin wannan ke ɗauke da shi.

Sakamakon wannan rabo shi ne, idan iska ta yaye rufin aji a farkon damina, shugaban makaranta zai rubuta wa sakataren ilimi, shi kuma ya rubuta wa SUBEB, ita kuma ta jira a amince da tsarin ayyukanta na shekara. Mai ganin matsalar ba shi da kuɗi, mai kuɗin bai ga matsalar ba. Kafin takarda ta dawo, an haɗe aji biyu a ɗaki ɗaya ko an koma gindin bishiya.

Sai batun harshe. Manufar Ilimi ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, daga baya a koma Ingilishi. A 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa wannan zuwa shekara 6 cif, a ƙarshen 2025 kuma ta sanar da soke shi, ta ce Ingilishi ne harshen koyarwa. A cikin ajin ƙauye duk waɗannan sanarwoyi ba su sauya abu mai yawa ba: malam yana bayani da Hausa, littafi yana Ingilishi, jarrabawa tana Ingilishi, littattafan koyon karatu na Hausa kuma ba su wadata ba. Yaro sai ya kwafi abin da ke allo da kyakkyawan rubutu ba tare da ya iya karanta shi ba. Wanda ya kai aji huɗu bai iya karatu da kowane harshe ba, duk darasin da zai biyo baya zai riƙa wuce shi, kuma da wuya a lura, tun da a kan ciyar da yara gaba ko sun iya ko ba su iya ba.

Kalandar makaranta da kalandar gona

Rimin Gado tana cikin yankin da masana, musamman Michael Mortimore, suka yi nazari a kansa a matsayin karkarar Kano mai cunkoson jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 104,790 a faɗin murabba'in kilomita 225, wato fiye da mutum 460 a kowane murabba'in kilomita, kuma an ƙaru sosai tun daga lokacin. A irin wannan ƙasa ba a barin gona ta huta. Ana noma ta kowace shekara, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da aikin hannu, gado kuma yana ƙara tsattsaga ta daga tsara zuwa tsara.

Wannan yanayi yana taimakon makaranta ta wata fuska, domin garuruwa suna kusa da juna, firamare ba ta cika yi wa yaro nisa ba. Ta wata fuskar kuma yana karo da ita. Shekarar karatu tana farawa a Satumba, daidai lokacin girbin gero, zangon farko ya ratsa kakar gyaɗa da dawa da wake. Zango na uku, wanda a cikinsa ake jarrabawar ƙarin aji, yana faɗawa kan shuka da noman farko. Jarrabawar kammala sakandare ma tsakanin Mayu da Yuli ake yin ta. Magidancin da ba shi da kuɗin ƙwadago, 'ya'yansa ne ƙwadagonsa, kuma ciyawa ba ta jiran a tashi daga makaranta. Ga yarinya kuma akwai talla, wadda ita ce hanyar da matar da ke cikin gida take kai sana'arta kasuwa, daga ribar ne kuma ake tara kayan ɗaki. Ba a iya fahimtar fashin makaranta a karkara sai an sa wannan lissafi a gaba.

Dokar 2004 ta tanadi hukunci ga iyayen da suka ƙi kai yaro makaranta: gargaɗi a karon farko, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda a karo na biyu. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta Abba Kabir Yusuf kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024. Amma uba yana auna abin da ya gani ne. Idan yayan yaro ya yi shekara 6 a firamare ya fito bai iya karanta wasiƙa ba, babu tarar da za ta gamsar da shi cewa ƙanen ma ya bar fartanya ya je ya zauna a ajin. Abin mamaki shi ne wannan ƙarancin ƙasa da ke sa a riƙe yaro a gona yau, shi ne kuma babban dalilin da zai sa yaron ya buƙaci ilimi gobe, domin gonar da ta ciyar da gidan uba ɗaya ba za ta ciyar da gidajen 'ya'yansa shida ba.

Mahaɗa biyu masu cin yara

Tsarin 6-3-3-4 ya fito ne daga Manufar Ilimi ta 1977, aka fara aiwatar da shi a 1982. Hikimarsa ita ce ƙaramar sakandare ta koyar da sana'a tare da karatu, ta yadda wanda ya tsaya a nan zai fita da aikin hannu. An shigo da injinan koyon sana'a daga ƙasashen waje, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da malaman da za su sarrafa su. Abin da ya rage shi ne rabon shekarun.

Mahaɗa ta farko tana tsakanin aji shida da ƙaramar sakandare. A doka babu shinge a nan, tun da shekara 9 ɗin a jere suke. A ƙasa kuwa makarantun firamare sun fi na sakandare yawa nesa ba kusa ba, sai ya zama makarantar da ke bayan gida ta ƙare, ta gaba kuma tana wani gari. Yaro namiji yana iya samun keke. Yarinya 'yar shekara 12 ko 13 kuwa, tafiyar kilomita da dama kullum ta cikin gonaki abu ne da iyaye da yawa ba za su amince da shi ba, musamman a shekarun da maganar aure ta fara shigowa. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano na cikin jihohi 7 da suka fara shi, wannan giɓi ya nufa, ta hanyar gina sakandare kusa da gari da ba iyaye tallafi.

Mahaɗa ta biyu tana bayan jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. A nan dokar dole ta ƙare, kuma yaro ya koma hannun hukumar kula da manyan makarantun sakandare ta jiha. Daga nan hanya ta rabu: akwai sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, akwai ta kwana, akwai makarantun Larabci da Islamiyya masu jarrabawar hukumar NBAIS, akwai kwalejojin fasaha masu jarrabawar NABTEB, sannan akwai makarantun kimiyya.

Makarantun kimiyya sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne shaidar abin da tsari mai mai shi ɗaya ke iya yi. A 1977 jihar Kano ta buɗe sakandaren kimiyya guda biyu, a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta ba su hukuma tasu, ta zaɓi ɗalibai ta jarrabawa, ta tanadi ɗakunan gwaji da malamai. Dawakin Tofa maƙwabciya ce, mazaɓar ɗan majalisar wakilai ɗaya suke da Tofa da Rimin Gado. Likitoci da injiniyoyi da dama na Kano da Jigawa ta wannan ƙofa suka bi, da yawansu 'ya'yan manoma ne. Sai dai ƙofa ce mai tacewa: tana ɗaukar wanda firamare da ƙaramar sakandare suka riga suka gina, wanda aka bari a baya tun yana aji uku kuwa ba za ta gan shi ba.

Jarrabawa da kuɗinta

Ƙarshen sakandare yana hannun hukumomin da ba su taɓa koyar da yaron ba. WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Ingilishi ce. NECO, mai hedikwata a Minna, an kafa ta a 1999. Abin da aka saba nema shi ne kiredit 5, ciki har da Ingilishi da Lissafi. A jihar Kano akwai wani mataki kafin wannan: ɗaliban aji biyu na babbar sakandaren gwamnati suna zana jarrabawar tantancewa, waɗanda suka cika sharaɗi gwamnati ta biya musu kuɗin jarrabawar ƙarshe. Sharaɗin yakan sauya daga gwamnati zuwa gwamnati. Wanda bai cika ba, sai iyayensa su biya, a gidan manomi kuwa wannan yana nufin sayar da akuya ko buhun hatsi. Gidan da ba shi da abin sayarwa, ɗansa zai gama shekara 12 ya fita ba takarda.

Bayan wannan sai JAMB, wadda aka kafa a 1978 domin ta zama ƙofa ɗaya ta shiga jami'a. Darussa 4 ake zanawa, maki 400 ne jimla. Tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar gaba ɗaya, tun 2021 kuma sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake rajista. Ɗan birnin da ya taso da waya a hannu ba ya jin nauyin wannan. Ɗan ƙauyen da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, yana kokawa da abu biyu a lokaci guda, tambaya da na'ura. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka ake sa shi ya yi.

Saman tsani

Jami'ar Bayero ta faro ne a 1960 a matsayin Kwalejin Ahmadu Bello, a harabar Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. A 1962 ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero ƙarƙashin jami'ar Zariya, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Ta tarayya ce, saboda haka maƙwabtaka ba ta ba ɗan Rimin Gado wani haƙƙi na musamman. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta raba guraben gida uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, Kano kuma tana cikinsu. Wannan ƙa'ida da jiha take aiki, ba ta san ƙaramar hukuma ba. Ɗan sakandaren ƙauye yana takara ne a kason Kano tare da ɗan makarantar kuɗi ta Nasarawa.

Jihar tana da nata jami'o'in: ta kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, da Northwest da aka kafa a 2012. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, akwai kwalejin aikin gona ta Audu Baƙo a Dambatta, akwai ta shari'a da nazarin addinin Musulunci ta Aminu Kano, akwai kwalejojin horon malamai irin ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso da ta tarayya a Bichi. Ko a nan ma masu sa ido uku ne: NUC ga jami'o'i, NBTE ga kwalejojin fasaha, NCCE ga kwalejojin ilimi. Wanda ya samu gurbi bai gama ba, domin akwai kuɗin rajista da na masauki da na abinci, akwai kuma yajin aiki, irin na 2022 da ya rufe jami'o'in tarayya wata 8. Asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, ya rage wani nauyi, amma sai ga wanda ya riga ya shiga.

A kwalejojin ilimi ne tsanin ke lanƙwasowa ya koma ƙasa. Shaidar NCE ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema ga malamin firamare. Makin shiga kwalejin ilimi kuwa ya saba zama ƙasa da na jami'a, saboda haka da yawa daga masu shigarta waɗanda suka rasa jami'a ne, ba don koyarwa ce burinsu ba. Bayan shekara 3 su ne ake turawa aji ɗaya da aji biyu, inda ake buƙatar mafi gwanintar malamai, domin a nan ake koyon karatu. Kusancin Rimin Gado da birni ya ƙara wani abu: malami yana iya zama a Kano ya riƙa zuwa kullum, duk ranar da kuɗin mota ya gagara kuma ajin ya wuni ba kowa. Raunin saman tsani yana komawa gindinsa, raunin gindin kuma ya sake hawa sama bayan shekara 12.

Inda hannu ke iya kaiwa

Tsarin mulkin 1999 ya ambaci ilimi kyauta a sashe na 18, amma ya rataya shi ga lokacin da hali ya yi, a babin da ba a cika iya kai gwamnati ƙara a kansa ba. Gyaran wannan rabon iko aiki ne na majalisu, kuma zai ɗauki lokaci. Akwai dai abubuwan da ba sa jiran Abuja. Jihar Kano ta taɓa nuna haka a 1980, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci tata tun kafin sauran jihohi.

Mafi sauƙinsu ƙidaya ce. Kowace makarantar firamare ta san sunayen 'yan aji shida da ta yaye, kowace ƙaramar sakandare ta san waɗanda ta karɓa. Idan aka ajiye takardun biyu gefe da gefe a watan Oktoba, za a ga sunan duk yaron da ya ɓace tsakani, da unguwarsu, da gidansu. Wannan aiki bai fi ƙarfin sakataren ilimi da kwamitocin kula da makarantu da masu unguwanni ba. Haka nan auna karatun 'yan aji uku, a ba yaro ɗan sakin layi na Hausa a saurari yadda zai karanta, ba ya buƙatar kwangila. Malaman allo da na Islamiyya, waɗanda iyaye suka fi yarda da su, sun san yaran da ba sa zuwa boko ɗaya bayan ɗaya, kuma ba kasafai ake tambayarsu ba.

Ƙungiyoyin ci gaban gari da tsofaffin ɗalibai, waɗanda yawancinsu ma'aikata ne mazauna birni, sun saba kai gudummawarsu saman tsani: sayen fom ɗin JAMB, biyan kuɗin NECO, karrama wanda ya gama digiri. Alheri ne, amma yana isa ga waɗanda suka riga suka tsallake mahaɗa uku ne kawai. Kuɗin da ke sayen fom 50 zai iya sayen littattafan koyon karatu na makaranta guda, ko kekuna ga yaran ƙauyen da sakandare ta yi wa nisa, ko ya riƙe malama 'yar garin da za ta sa iyaye su saki 'ya'yansu mata. Irin wannan taimako ba shi da ranar biki, kuma sakamakonsa ba ya bayyana sai bayan shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yawan ɗaliban da ƙasar Rimin Gado za ta tura jami'a nan da shekara 10 ya dogara ne ga yawan 'yan aji uku na bana da za su ƙare shekara sun iya karatu.